Farantin Shida da na Tara

Zuwa ga Umma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi zamanmu da Auta a wurin aiki. Lafiya lau, sai dai yanzu shi ne shugabana. Kamfani ya ɗora shi a kan duk harkar dutsen wannan katafaren gida, tun daga zaɓo shi a mahaƙa har manna shi a bango. Ni kuwa ina nan inda kika sanni, a durƙushe, ƙura har cikin kunne.

Umma, ni na koya masa riƙon injin yanka. Shekara goma sha takwas ina wannan aiki, amma idan mai zanen ginin ta zo, wuce ni take yi kamar buhun siminti, ta nufe shi tana "Injiniya, Injiniya". Shi kuma gaban ma'aikata sai ya rusuna ya gaishe ni, ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mini rai. Na san za ki ce ƙanena ne. Na sani. Zuciyar ce ba ta ji.

A gaida mutanen gida.

Ɗanki,
Magini

*

Zuwa ga Umma,

Ina gaisuwa, da fatan wasiƙata ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Wannan kada ki ba kowa ya karanta miki sai Yaya Babba.

Dutsen babban falo ya iso, farin mabul mai jijiya ruwan toka, faranti goma sha biyu, kowanne ya fi ƙofa tsawo. Daga curi ɗaya aka yanko su, don haka idan an jera su daidai jijiyar za ta bi bango ba yankewa. Wata huɗu Auta yana zarya kafin ya samo shi, kuma babu irinsa kuma.

Kowane faranti da lambarsa a baya. Da Auta ya ba ni takardar jeri, kallo ɗaya na yi na ga ya karanta shida a matsayin tara, tara a matsayin shida, don a kife aka jingine su cikin akwati. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai ga mai zane ta shigo da matar mai gidan, suna ta yaba masa ido. Na rufe bakina.

Na manna su yadda takarda ta ce. Da hannuna na kwaɓa gam ɗin, irin wanda idan ya kama sai dai a fasa. Aikin ya yi kyau, Umma, ko reza ba ta shiga tsakaninsu.

Ki yi mini addu'a.

Ɗanki,
Magini

*

Zuwa ga Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara miki lafiya.

Ranar Litinin aka cire ledar da aka rufe bangon da ita. Jijiyar ta tsinke a tsakiya, daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Matar mai gidan ta juya ta fita. Mai zane ta tambayi wanda ya yi wannan ɓarna. Kafin in motsa Auta ya ce laifinsa ne, takarda yayansa ya bi, hannun yayansa bai taɓa kuskure ba. A ranar aka mayar da shi sito, aka ce in riƙe matsayinsa.

Abin da na daɗe ina so ke nan, amma yini biyu kawai na iya zama a kujerar. Na je sito na same shi yana jera akwatuna. Bai bari na fara ba. Ya ce, "Yaya, na san ka gani. Kai da kake gane jijiyar dutse ko ƙura ta rufe shi." Ya ci gaba da aikinsa.

Daga nan ofishin mai zane na wuce, na faɗa mata komai. Ta mayar da Auta kujerarsa da gargaɗi, ni kuma ta sallame ni. Za a fasa faranti biyun, a rufe gurbinsu da baƙin dutse.

Auta ne ya ɗauko mini akwatin kayan aiki har bakin ƙofa. Na yi ta duban fuskarsa ko zan ga fushi, ko ɗan kaɗan ne, in samu abin riƙewa. Babu. Umma, har wannan haƙurin nasa sai da na ji ina ma nawa ne.

Ina tafe ranar Asabar. Duk faɗan da za ki yi, ki yi, zan zauna in ji.

Ɗanki,
Magini