Baƙon Iya Gumsu

Malesiya, Agusta 1975

Zuwa ga Yaya Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da mahaifiyarmu Iya Gumsu.

Kwas ɗin gandun daji da aka turo mu ya yi nisa. Da aka ba mu hutu, ni da abokan karatuna muka ɗauki ɗan jagora ya shiga da mu kurmi a ƙafa. Yaya, rana tsaka sai ka ce magariba, don ganye ya rufe sama. Jagoran na gaba yana sare mana hanya da adda, matsattsaku na ɗafe mana ƙafafu. A haka muka ɓulla wani ƙauye a bakin kogi, gidajensu a kan dirkoki, muka yi kwanaki a wurinsu. Wata tsohuwa ce ta sauke ni. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma har kuka ta yi ranar da za mu tafi. Ga hoto nan, ni ne nake taya ta dakan shinkafa. Ki nuna wa Iya.

Ƙanenki, Haladu

Garin Mala, ta Haɗeja, Satumba 1975

Haladu,

Wa alaikumus salam. Muna nan yadda ka bar mu, in ka tuna yadda ka bar mu ɗin.

Na nuna wa Iya hoton. Ta kai shi bakin ƙofa don haske, ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Wace ce wannan?" Ka faɗa min amsar da zan ba ta.

Ashe ƙafarka tana shiga taɓo? Ashe kana iya kwana inda sauro yake? Tun da ka fara aiki ba ka taɓa kwana a garin nan ba. Sai ka tsayar da mota a bakin titi, ka hau kwalekwale da takalminka mai sheƙi, ka gaisa a tsaye, kafin la'asar ka juya. Amma ka ƙetare teku, ka bi wani ƙato cikin daji, ka je kana yi wa uwar wasu daka!

Bana ruwa ya cika fadama har ya shigo gari. Ɗakin Iya ya faɗi. Auta maƙwabcinmu ne ya goyo ta zuwa tudu, ruwa iya ƙirjinsa. A lokacin kana can kana ɗaukar hoto. Kada ka sake aiko min da irinsa.

Wassalam. Yayarka, Ma'u

Malesiya, Oktoba 1975

Yaya Ma'u,

Bayan gaisuwa, ki yi wa Iya jaje, ki yi wa Auta godiya. Sauran maganar kuma ba zan haɗiye ta ba.

Wa ya fitar da ni daga garin nan? Ina ɗan ƙarami aka zo neman yaran boko, kowane gida ya ɓoye nasa, ni aka miƙa. Ke kika riƙe min ƙullin kayana har bakin kogi. Da na dawo hutun farko me na tarar? An shimfiɗa min sabuwar tabarma, an ware min kwano. Na ɗauki gora zan bi yara kamun kifi, Iya ta ƙwace ta ce, "Ajiye, ba aikinka ba ne." Na ɗauki fartanya, kuka yi dariya kuna cewa Bature zai yi noma. Har yau in na zo Iya ba ta aike na, ba ta yi min faɗa, sai "Sannu da zuwa, Malam." Malam! Ni da ta haifa!

Tsohuwar can, ranar da na zubar mata da shinkafa, mari ta kai min a hannu, ta nuna min ƙasa na tsince tas. Wallahi, Yaya, na juya baya don kada ta ga hawayena. Rabona da a ɗauke ni ɗan gida tun kafin in iya karatu. Ku kuka mai da ni baƙo, baƙo kuwa ba ya daɗewa. Ki karanta wa Iya wannan, kada ki tsallake komai.

Na gaishe ku. Haladu

Garin Mala, Nuwamba 1975

Haladu,

Salamu alaikum. Na karanta mata duka. Ta tashi ta yi sallar azahar. Sannan ta ce in rubuta maka haka, da bakinta:

"Kai Haladu, mara kunya, ni kake aiko wa da baƙar magana? A lokacin tsoro nake kada hannunka ya yi kanta su kore ka daga makarantar, a ce wahalarka ta tashi a banza. To na ji. Shinkafar da ruwa ya bari ta nuna, ba ni da mai yanka. In ka sauka kada ka tsaya Kano. Ka zo nan, ni da kai ne."

Ni dai ban huce ba tukuna. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka, Ma'u