Kusurwar da Ban Yanke Ba

Zongo, Kwatano
4 ga Mayu

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan, ya yara, ya zafin Dosso? Inna tana gaishe ki, ƙafar tata da sauƙi. Na rubuta na ba direban bas ne, don maganar nan ba ta waya ba ce, kin san wayarki duk gidan ke sauraro.

Yaya, babu daɗi. Raïssa, 'yar ƙanenmu Kassoum, watanta takwas ke nan, hannuwanta da ƙafafunta sun kumbura, ko taɓa ta aka yi sai ta tsala ihu. A asibitin yara suka auna jininta, suka ce sikila ce, SS.

Kin tuna kafin aure mahaifin Nadjoua, matar Kassoum, ya ce 'yarsa AS ce, ba zai ba da ita ba sai an auna mijin. Kassoum ya ƙi zuwa ko'ina, ya ce yana da 'yar'uwa a labo, ɗakin gwajin jini, ba zai kai jininsa wurin baƙo ba. Ni na yi gwajin, ni na rubuta AA, ni na sa hannu. To mai AA ba ya haihuwar SS, wannan ko mai tallan lemo a Zongo ya sani yanzu. Kassoum ya zaro takardar nan daga akwati, ya ajiye ta gaban matarsa, ya ce ta faɗa masa 'yar wane ce.

Nadjoua ta yi kuka har muryarta ta dushe. Na ce masa ya zo a sake aunawa, ya ce hannuna bai taɓa kuskure ba, kada in nemi rufa mata asiri. Wallahi Yaya, da ya faɗi haka sai da na ji daɗi a raina. Shekara tara ina aikin nan ba wanda ya taɓa dawo mini da takarda.

Ki sa mu a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarki,
Nafissatou

Zongo, Kwatano
12 ga Mayu

Yaya Tabawa,

Salamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, ke da mutanen gida. Ni dai jikina lafiya, sauran kuma ga shi nan.

Kin sha tambayata me nake yi a labo, nakan ce aikin jini ne kawai. Yau dole ki sani. Muna da wani ɗan falle fari, bai kai tafin hannu ba. A kansa muke ɗiga jinin mutum takwas a jere, mu kunna masa lantarki. Jinin sai ya ja gaba, mai lafiya ya yi nisa, na sikila ya tsaya a baya. In muka rina shi da jan ruwa muka wanke, mai AA layi ɗaya zai fito masa, mai AS layi biyu. Amma fallen in ya bushe yakan zama garau, gabansa da bayansa duk ɗaya. Shi ya sa kafin a ɗiga komai ake yanke kusurwa ɗaya da almakashi, a gefen mutum na farko. Abin da aka fara koya mini ke nan a makaranta.

Kwana huɗu da suka wuce na kasa haƙuri, na buɗe kabad na nemo dosiyen da muke adana gwaje-gwajen shekarar auren. Ga fallen nan, kusurwoyinsa huɗu cif, ba wadda aka yanke.

Sai ranar ta dawo mini tas. Nadjoua ce ta rako Kassoum, ta zo da atamfar ankon biki a jaka, shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Na ce ta yanko mini ƙyalle in kai wa tela, na miƙa mata almakashin labo. Muna ta hira muna dariya, na ɗiga jinin, na ce in ta gama sai in yanke. Ban yanke ba.

Kassoum shi ne na biyu a rajista. Na ɗaga fallen a haske, na biyu layi ɗaya. Na juya shi ta baya, sai na bakwai ya koma na biyu, da layinsa biyu ɓaro-ɓaro. Na zauna a ƙasa da farar rigata.

Yaya, ban faɗa wa kowa ba. Shekaranjiya Kassoum ya kira zemijan biyu, masu baburan haya, ya ɗora Nadjoua da 'yarta da kayanta, ya ce su tafi Agla gidan ubanta. Ina tsaye a ƙofa. Ta dube ni, ta ce in yi masa magana tunda yana jin tawa. Na ce mata ta yi haƙuri, komai zai wuce. Abin da na iya faɗa ke nan, ni da fallen yana cikin jakata.

Tsoro nake ji. Inna takan nuna ni ga baƙi ta ce ga likitarmu. Matan layinmu kuma sun sa wa Nadjoua suna, ba zan rubuta shi ba. Ki faɗa mini yadda zan yi, ko zagi ne ki aiko.

Taki,
Nafissatou

Zongo, Kwatano
21 ga Mayu

Yaya Tabawa,

Bayan sallama da gaisuwa, na samu takardarki. Duk abin da kika kira ni na karɓa, ban ga ƙarya a ciki ba. Allah ya saka da alheri.

Ranar sha tara na je rumfar Kassoum a kasuwa, na faɗa masa a gaban buhunan shinkafarsa. Da farko ya ce Nadjoua ce ta turo ni. Na ja shi zuwa labo, na ɗebi jininsa, na yanke kusurwar yana kallo, na ɗiga nasa shi kaɗai. Minti ashirin da biyar muka zauna muna jira. Da na wanke fallen, layi biyu suka fito. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni ko za a iya mayar da shi layi ɗaya. Na ce jini ba ya canzawa. Tun rasuwar Baba ban ga hawayensa ba sai ranar.

Jiya da hantsi muka je Agla, ni da Kassoum. Ba mu same su a gida ba, ciwon ya tashi, an kwantar da Raïssa. Mahaifin Nadjoua ya tare Kassoum a ƙofar ɗakin asibitin, ya ce wanda ya tsaya gabansa ya ce yarinya ba tasa ba ce, ba shi da mara lafiya a nan. Ni aka bari na shiga.

Yarinyar ta rame, an ɗaura mata ruwa a ƙafa don hannun ya kumbura. Na durƙusa na faɗa wa Nadjoua komai, har almakashin, har atamfar. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni yaushe na gano. Na so in ce jiya, amma na gaji da ƙarya, na faɗa mata ranar. Ta ƙirga da yatsunta, sannan ta ce:

"Na almakashi na yafe, Anti, tare muka yi dariyar. Amma kwana goma sha ɗaya kina ji ana kirana abin da ake kirana, kina da shaida a jaka. Wannan ki nemi yafiyarsa wurin Allah."

Ta ce ba za ta koma Zongo ba. Ko da ta koma, duk cikin da za ta ɗauka da wannan tsoron za ta ɗauke shi. Kassoum bai ƙara yi mini magana ba, Inna kuma ta daina cewa likitarmu.

Yau da safe na je aiki, na yanke kusurwa kamar kullum, na auna jinin mutum takwas da ban sani ba, komai ya fita daidai. Raïssa kuwa likita ya ce haka za ta riƙa yi, ciwon ya tafi ya dawo, iya tsawon ranta. Ni na sa hannu a kan wannan, Yaya, da sunana da hatimin labo.

Ki gaida yara. In kin zo, Agla za ki fara sauka, su suka fi bukatarki.

Ƙanwarki,
Nafissatou