Asusun Da Ke Juya Kansa

Ofishin Babban Darakta,
Kamfanin Fansho na Fairclough da 'Ya'yansa,
Landan, 3 ga Maris.

Zuwa ga mai girma Raja Sarfaraz Khan, direban bas a Bradford,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ku da uwargida Nasrin da yara baki ɗaya. Yaya gwiwar nan ta hagu? Allah ya ƙara sauƙi. Kada ku yi mamakin yadda na san da ita, mu manyan Landan kunnenmu dogo ne.

Ni ne Sa Edmund Fairclough, mai wannan kamfani tun daga tushe har rufi. Labari ya iso mana cewa duk Juma'a bayan an sauko masallaci kuna zama a shagon shayi kuna yi mana talla kyauta. Kuna ba jama'a labarin yadda, shekara tara da suka wuce, kuka kwashe kuɗin fanshonku daga hannun kamfanin bas kuka zuba a asusunmu mai rahusa, wanda ake kira na "da kai". Ku fam arba'in da biyar kawai kuke biya a shekara, abokinku Gulzar kuwa yana ba mai ba shi shawara kusan dubu. An ce kukan dafa kafaɗarsa ku ce, "Gulzar, kai kake ciyar da Bature, ni kuwa Bature ke min bauta." Da aka karanta wannan a taronmu sai da wani darakta ya ƙware da shayi.

Saboda haka mun yanke shawarar ba ku kofin Gwarzon Tsimi na bana. Ku aiko da lambobin sirrin asusun domin mu zana su a jikin kofin.

Bincikenmu kuma ya nuna kuɗi sun fi albarka a gidan da ake ba ɗa aron mota ranar Asabar, a kuma rage kiransa jaki. Muna nufin ɗanku Tanwir.

Na bar ku lafiya.
Sa Edmund Fairclough.

Landan, 9 ga Maris.

Zuwa ga Raja Sarfaraz Khan,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ku gafarce ni, yau gaisuwar gajeriya ce.

Kun aiko da lambobin! Innalillahi. Ban taɓa zaton za ku aiko ba. Kuka rubuta su ɓaro-ɓaro a bayan takardar jadawalin bas, kuka liƙe ambulan, kuka miƙa wa ɗanku ya kai gidan waya. Shekara talatin da ɗaya kuna hana mutane shiga bas da tikitin jiya, amma takarda ɗaya mai tambarin zinariya ta sa kun miƙa makullin tsufanku? Da ɓarawo ne ya rubuto fa? Kada ku sake, ko da ni ne na tambaya. Musamman ma idan ni ne.

Wannan ma ƙarami ne. Na buɗe asusun. Na rufe, na wanke fuska, na sake buɗewa, ko idona ne.

Shekara tara da suka wuce kun zuba fam dubu arba'in da ɗaya da ɗari uku. Yau akwai dubu arba'in da ɗari takwas da casa'in da biyar. Ba su ninka ba, ba su haihu ba, ko motsi ba su yi ba. Kuɗin hidimarmu ne kaɗai ke gutsurarsu. Ba ku taɓa sayen hannun jari ko na sisi ba. Kuɗin suna kwance a bakin ƙofa kamar baƙon da ba a ce masa ya shigo ba. Kuɗin ruwa ma kun sa alamar ba ku so, wannan kam kun yi daidai.

Na san inda aka samu matsala, domin an sha jin ku kuna bayani. Kukan ce, "Sunansa ma na da kai. Da kansa yake juyawa, kamar ƙofar bas." Ranka ya daɗe, ba asusun ake nufi ba, mai asusun ake nufi. Ku da kanku za ku zaɓi inda kuɗin za su shiga, ku danna "saya". Rahusar ke nan: babu wanda aka biya ya yi muku. Kuma ƙofar bas ɗin ma ai sai kun danna take buɗewa.

Duk shekara ana aiko muku da takardar bayani, kuna cusa ta a bayan agogon falo ba ku buɗe ba, kuna cewa wanda ya yi shuka ba ya tonowa ya duba. Gaskiya ne. Amma ku ba ku shuka ba, irin yana cikin buhu.

Gulzar da kuke wa dariya ya fara da kusan daidai naku, kuma kun ji da kunnenku nasa ya haura dubu casa'in. Kuka lissafa cewa tunda kun fi shi tsimi, naku ya wuce dubu ɗari. A kan wannan lissafin kuka rubuta takardar ajiye aiki, tana aljihun kwat ɗinku, za ku miƙa ranar Juma'a. Don girman Allah kada ku miƙa. Idan ta shiga hannun manaja ba ta dawowa, kuma abin da ke asusun ba zai riƙe gida ba har lokacin da gwamnati za ta fara biyan ku nata fanshon.

Ga abin da za ku yi. Ku canza lambobin sirri yau. Ku zauna da 'yarku Rukhsana, ita ta iya karanta ƙananan rubutu. Akwai asusun hannun jari da malamai suka tantance, babu giya babu riba, kuma kuɗin hidimarsa kaɗan ne yadda kuke so. Yana hawa yana sauka, ban ɗaukar muku alkawarin komai ba. Ni ban taɓa komai a ciki ba, yatsanku ne zai danna.

Maganar kofi kuwa an ɗage.

Naku cikin firgici,
Sa Edmund Fairclough.

Ɗakin sama, gidanmu,
16 ga Maris.

Abbu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, mahaifina, ina fata kun tashi lafiya, ku da mahaifiyata Ammi. Yaya gwiwa? Na san yadda take, ina jin ku kuna hawa bene, amma tambaya ladabi ce.

Na ga kun sayi tikitin jirgin ƙasa na Landan, na kuma ga kwalin alawar barfi da Ammi ta naɗe wa Sa Edmund da jan zare. Na tambaye ku ina zuwa, kuka ce, "Wurin manya, inda jakai ba sa zuwa." Shi ya sa na tura wannan ta ƙarƙashin ƙofa, ba zan iya faɗa da baki ba.

Ranar da wasiƙa ta biyu ta zo ina tsaye a kicin. Na ga kun karanta, kun zauna a kan matakala da hular aikinku a hannu, har shayi ya huce. Ammi ta ce, "Wa ya mutu?" Kuka ce, "Shekara tara." Ban taɓa ganin fuskarku haka ba, kuma ba na fatan in sake gani. Kuka yaga takardar ajiye aiki, kuka ce gwiwa ta yi haƙuri shekara uku. Rukhsana ta zo, kuka danna "saya" da bismillah sau uku. Ranar Juma'a kuma kuka biya wa Chacha, wato Baffa Gulzar, kuɗin shayi. Ya ce, "Sarfaraz, lafiya? Baturen naka ya yi yaji ne?"

Abbu, babu Sa Edmund. Babu kofi. Adireshin da ke kan takardar na wani shagon kifi da dankali ne, a waya na samo shi. Sunan kamfanin ma ba na kamfaninku ba ne, da kun taɓa buɗe takarda ɗaya ta bayan agogo da kun gane. Tambarin zinariyar na katin bikin 'yar Chacha Gulzar ne, a shagon buga kati da nake aiki na ciro shi. Ku duba da kyau, kurciyoyi biyu ne suna sumbatar juna.

Wasiƙar farkon wasa ce, motar kawai nake so. Da na ga abin da ke asusun na sauko zan faɗa muku, sai na tuna bara, da na tambaye ku wane hannun jari kuka saya. Kuka ce, "Puttar, ɗana, kai da muka tura can gida Mirpur hadda kana shekara takwas saboda rashin ji, me ka sani? Je ka yi tilawarka." Ban yi boko ba, gaskiya ne. Amma a hadda an koya mana abu ɗaya: kalma guda idan ka juya ta, ma'ana ta tafi. Na san ba za ku ji daga bakina ba, sai na mayar da Baturen bakin aiki.

Ku yafe min buɗe asusun da na yi. Silifas ɗinku na ajiye shi a bakin ƙofata don kada ku wahalar da gwiwa wurin neman abin dukana. Tikitin ana mayar da kuɗinsa idan an je kafin azahar. Barfin kuwa kada ya lalace, Daraktan yana sama.

Jiya a kan abinci kun ɗaga wasiƙar, kuka dube ni kuka ce, "Ka ga mutum mai hankali da tsoron Allah. Da ma irin wannan na haifa."

Abbu, kun haife shi.

Ɗanku, jakinku,
Tanwir.