Abin da Ustaz Hamza Ya Faɗa Min Bayan Wasa

Daren Laraba, watan Safar 1394, unguwar Waziriyya

Kwalejin da ke unguwar Sa'alaba ta sake lallasa mu a ƙwallon kwando, karo na uku ke nan.

Shekara biyu ina horar da yaran kwalejinmu da dabara ɗaya. Na zaɓi 'yan gida biyar masu jin Hausa, don in riƙa ba su umarni daga gefen fili ba wanda ya gane. Dalilin ke nan na ajiye Fahad, Balaraben da ba ya jin Hausa, a benci, alhali ya fi kowa tsawo da saiti.

Yau duk inda na ce a bi, sai mu tarar an riga an tare. Da aka tashi, mai horar da su, Ustaz Hamza, farin Balarabe, ya miƙo min hannu yana murmushi, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam Isa. Kakata Bakatsiniya ce, ita ta raine ni a unguwar Mahjar."

Innalillahi! Ashe kowane wasa ni nake karanta masa shirinmu, da ƙarfi kuma.

Halas, asiri ya tonu. Gobe da wane ido zan dubi Fahad in ce ya tashi ya shiga fili?