Abin da Na Ɓoye wa Likita

Madawa, daren Talata, 1985

Barci ya ƙi zuwa. Gobe za a yi wa maigidana aikin gwaiwa. Ɗazu a asibiti likita mai allurar barci ya tambaye ni, "Madam, in yana minshari, numfashinsa yakan tsaya?" Wansa na zaune, ya zuba mini ido. Ta yaya zan yi zancen makwancinmu gaban wan miji? Na sunkuyar da kai na ce a'a.

Ƙarya na yi. Shekara tara ke nan ina zungurinsa da gwiwar hannu kafin ya ja iska. Yanzun nan ma sai da na taɓa shi.

Da asuba zan nemi likitan nan, ko Yaya na tsaye. Ba zan kasance cikin ɗakin aikin ba, to wa zai zungure shi?