Bitrus, Ka Ɗauko Ƙwallon Nan

Zuwa ga aminina Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi maka sannu da jiki. Ina gaida maiɗakinka Rifkatu da yara. Na rubuto a wannan shafi inda jama'a za su gani, domin ka daina ɗaga wayata, kuma na san ba abin da ka tsana kamar a baza maganarka a faifai. Ka yi haƙuri, kai ka ja.

Rifkatu ta gaya mini komai. Tun da hawan jini ya kayar da kai, ɓarin dama ya shanye, ka hana duk wani ɗan Zuru shiga ɗakinka a Kaduna. Likita ya ba ka ƙwallon roba ka riƙa matsawa, ka ture shi ƙarƙashin gado, wai kai ba yaro ba ne. Shi kuwa likitan ya ce in hannun ya daɗe a haka zai ƙage, ba zai sake buɗewa ba.

To, bari in tuna maka bayan gidanku, a shekarun da wayar salula ta fara shigowa Zuru. Gwangwanayen fenti ka cika da siminti, ka soka musu bututun ruwa, suka zama ƙarafan ɗagawa. Bencinmu ƙafarsa ɗaya bulo ce. Madubin kuwa na wata tsohuwar bas ne, a tsage, amma 'ya'yan sojoji masu jiran ɗibar soja har layi suke yi su kalli ƙirjinsu a ciki.

Ni na zo kamar sillen kara, ga sigari a aljihu, na nufi mafi girman ƙarfe kai tsaye. Ka riƙe mini hannu, ka shiga gida, ka fito da taɓaryar Mama. Ka ce, "Wanda ya raina ƙarami, babba ba ya yarda da shi." Ka kwantar da ni a benci, ina ɗaga taɓarya ina saukewa, kai kana ƙirgawa fuska a murtuke kamar wani abin kirki nake yi.

Mama ta leƙo ta katanga ta ce, "Garba, in ka ƙare, ga dawa nan na jiran daka." 'Yan matan da ke dawowa daga rijiya sai da suka sauke bokiti don dariya. Har yau akwai masu kirana Mai Taɓarya a kasuwa, kuma ina amsawa.

Damina guda na yi a kan itacen nan. Na tsane ka, ba zan ɓoye ba. Abin da ya hana ni gudu shi ne ganin ka kana dawowa daga ƙauyen Manga, daga noman golmo da kake yi wa iyayen Rifkatu don a ba ka ita, tafin hannunka duk kanta, ka sha ruwa kawai ka tsaya a kaina. Da azuminmu ya zo, kai da ba ka yi, ka mai da lokacin ɗaga ƙarfen kowa bayan shan ruwa saboda ni kaɗai. Da wane ido zan ce na gaji?

Kai ka shiga soja, ni na gaji shagon Baba. Ƙirjin da na tara ya daɗe da gangarowa ya zama tumbi. Amma sigari ban sake taɓa shi ba, kuma duk wani abu mai nauyi da ya same ni a rayuwa, da kaɗan-kaɗan ɗin nan naka na ɗauke shi. Na lura ba ƙarfi ne ke da wuya ba. Mai wuyar shi ne mutum ya yi ƙaramin abu mai ban kunya yau, ya sake yi gobe, ba mai yi masa tafi.

Na san abin da ke cin ka. Ba ka son mu da muka san ka kana ɗaga injin niƙa kai kaɗai mu gan ka cokali ya gagare ka. Ni ma da na ji labarin sai da na rufe shago na zauna na yi kuka. Ina jin tsoro, Bitrus. Ina son ranar da za mu gaisa, ya zama wannan hannun ne zai kama nawa, ko da da yatsa biyu ne.

Ranar Asabar zan shigo motar Kaduna, in Allah ya yarda. Na riga na gaya wa Rifkatu kada ta nemi izininka. In ba ka son ganina, sai ka tashi da ƙafarka ka tura ni waje, ka rufe ƙofa da hannun dama. In ka yi haka, wallahi da murna zan koma tasha.

Allah da muke roƙo, kai a coci ni a masallaci, ya ba ka lafiya, ya sassauta wannan taurin kai naka, ya saka wa Rifkatu da alheri kan haƙurin da take yi da kai. Amin.

Naka har kullum,
Garba