Wanda Na Sa wa Suna Tela

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna? Ya yara da babansu? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Ki ci gaba da kirana malamar ɓarayi, ai na saba. Binciken da nake yi wa jami'a a kan masu jiran shari'a ya kai ni gidan yari, inda suka ba ni wani ɗaki mai benci ɗaya da fankar da ba ta juyawa. Ƙa'idar aikinmu ba ma karɓar sunan kowa, don kada maganarsa ta zame masa sharri, ni nake laƙaba musu suna. Akwai wanda na sa wa Tela, saboda shi ke ɗinke wa 'yan ɗakinsu kaya da zaren buhu. An kwaso shi a wani samame a tasha, takardunsa suka ɓata, shekara da shekaru bai ga alƙali ba, danginsa ma ba su san inda yake ba. Ya buɗe baki zai faɗa mini sunansa na yi maza na tare shi, har ina jin ni ƙwararriya. Tun ranar yake cikin raina, shi ya sa na roƙi wata lauya ta shiga maganarsa, kuma ta yarda.

Ki gaishe mini da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina fatan kun tashi lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Mun je da lauya, muka tarar an rage cunkoso, an rarraba masu jiran shari'ar zuwa gidajen yari daban-daban. Ta tambaye ni sunansa, na ce Tela kawai na sani. Gandiroba ya ce teloli ai sun fi a ƙirga, wanne daga ciki? Na kai kukana wurin shugaban sashenmu, ya ce ni mai bincike ce, ba mai ceto ba, sannan ya taya ni murna wai aikin ya yi kyau, ƙarin girma na tafe. Wallahi kunya ce ta rufe ni.

Muryar Tela kaɗai ta rage a na'urar da na naɗi hirarmu, ita ma ƙa'ida ta ce in goge tunda an gama. Na kasa, kuma ajiye ta ba ta fito da shi. Ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba, Yaya.

Ki ce wa Inna ta sa shi a addu'a. In ta tambayi sunansa, ki ce mata ban bari ya faɗa ba.

Taki har kullum,
Auta